Littattafan Kakanmu Na Lalacewa, Baffa Ya Hana Mu Neman Tallafin Ofishin Jakadanci

Wannan wasiƙa ta zo da tsawo, na taƙaita ta, na kuma cire sunaye da duk abin da zai sa a gane gidan.

"Anti, assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 34. Kakanmu na wajen uba malami ne, ya rasu ya bar ɗaki guda cike da littattafan da aka rubuta da hannu, wasu nasa, wasu gadonsu ya yi: fiƙihu, nahawu, waƙoƙin ajami da wasiƙu. Tun rasuwar mahaifina mabuɗin ɗakin yake hannun Baffa, ƙaninsa. Daminar bara rufin ya yi yoyo. Da na samu na shiga, na tarar gara ta ci gindin adaka biyu, wasu takardun kuma sun manne da juna.

"Na ji labarin ofishin jakadancin Amurka na ba da tallafin adana kayan tarihi, sai na rubuta takarda da sunana na aika. Shiru har yau. Wani ya ce in ba shi ɗan wani abu zai shigar da ni, wai ya san mutanen ciki. Kuskurena shi ne na faɗi maganar a gida kafin komai ya tabbata. Yanzu 'yan uwa sun ɗauka daloli na hanya, har ana lissafin kason kowa, wasu ma na raɗe-raɗin na karɓa na ɓoye. Baffa kuwa ya ce muddin yana numfashi ba Baturen da zai taɓa littafin mahaifinsa, wai dabarar kwashe su ce. Ko gaisuwata ba ya amsawa yadda ya saba. Ƙawata ta ce in lallaɓa in kwashe su in kai jami'a, in ya so a yi rigimar daga baya. Damina na ƙaratowa. Ya zan yi? Jikar Malam."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Inda na tsaya na yi shiru a wasiƙarki shi ne wurin da kika ce takardu sun manne da juna. Duk wanda ya taɓa ɗaga warƙar tsohon littafin da ruwa ya shiga, ya ji warin rima ya bugo shi, ya ga tawadar wannan shafi ta koma kan wancan, ya san abin da ya kama zuciyarki a ɗakin nan. Damuwarki a kan hanya take. Sai dai kin ƙwanƙwasa ƙofar da ba taki ba, kuma kin yi haka tun kafin ta cikin gida ta buɗe miki.

Tallafin da kika ji labarinsa shi ne Asusun Jakadun Amurka na Adana Kayan Al'adu, wanda ake taƙaitawa AFCP. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shi, ya fara ba da kuɗi a 2001, kuma ya ɗauki nauyin ayyuka sama da 1,000 a ƙasashe fiye da 130: gyaran tsofaffin gine-gine, kula da kayan gidajen tarihi, littattafan hannu, har da naɗar waƙoƙi da harsunan da ke neman ɓacewa. A shekarun baya aiki guda kan samu har dala 500,000. Littattafai irin na kakanku na cikin irin abin da asusun ke so. Amma ba ya ba mutum ɗaya kuɗi, komai kyawun niyyarsa. Sai ƙungiya mai rajista wadda ba ta kasuwanci ba, ko gidan tarihi, ko jami'a, ko ma'aikatar al'adu. Abin da ya fi wannan tsauri kuma, ba ya kashe kuɗi a kan kayan da ke mallakar wani mutum ko wani iyali. Ka'idar ta kai ga cewa ko da ana shirin miƙa kayan ga hukuma, in dai ba a kammala miƙawar ba a ranar da aka nemi tallafin, ba za a karɓa ba. Kin ga ke nan takardarki ta faɗi ta fuska biyu tun ba a kai ga duba hujjarki ba. Shirun da kika ji ba raini ba ne, kuma ba ya nufin littattafan ba su da daraja.

Wannan kaɗai ya isa ya raba ki da mutumin nan mai shigarwa. Sanarwar neman tallafin a shafin intanet na ofishin jakadanci take fitowa, kyauta ake nema, ofishin ya tace ya aika Washintan, can ake yanke hukunci. Ba wani sanin mutanen ciki da zai mayar da kayan gado su zama na hukuma. Kada ki ba shi ko sisi, kuma kada ki ba shi hotunan littattafan, domin akwai masu farautar irin wannan kaya don sayarwa.

Shawarar ƙawarki kuwa, na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Littattafan ba naki ba ne ke kaɗai. Ranar da kika fitar da su a ɓoye, kin tabbatar wa Baffa duk abin da yake tsoro, kuma da hannun 'yar ɗan'uwansa. Ba ma wannan ba, duk cibiyar da ta san aikinta ba za ta karɓi kayan da ake jayayya a kansu ba, masu ba da tallafi kuma sai sun ga rubutaccen izinin masu kaya. Za ki rasa Baffa, ki rasa tallafin, littattafan kuma su ƙare a wani sito da ba lallai ya fi ɗakin kakanku ba.

Yanzu mu zo kan Baffa, don shi ne ainihin maganar. Kina kallonsa a matsayin wanda ya tare hanya. Ni kuwa ina ganin mutumin da ya riƙe mabuɗi shekara da shekaru bai sayar da ko warƙa ɗaya ba, alhali gidaje nawa ne aka wayi gari littattafansu sun bi dillalai. Tsoronsa ma ba daga iska ya ɗauko shi ba. A 1890, da sojojin Faransa ƙarƙashin kwamandansu Arshinar suka ci birnin Segu da ke ƙasar Mali ta yau, sun kwashe laburaren gidan Alhaji Umaru Tal, kuma har yau littattafan suna babban laburaren ƙasa a Faris. Wanda ya ji irin wannan labari, in ya ce ba zai yarda ba, ba ƙauyanci yake yi ba. Akwai kuma abin da bai faɗa ba, amma ina jin sa a ƙarƙashin maganarsa: a kan amanar da ke hannunsa aka rubuta wa baƙi takarda, shi kuma a bakin mutane ya ji. Yoyon rufin ma, ko bai ce ba, ya san a zamaninsa ya faru. Dattijo in kunya ta kama shi, sau da yawa faɗa yake mayar da ita.

To amma akwai amsar da za ki iya kai masa, kuma ta gaskiya ce. Ka'idojin AFCP sun hana a kashe kuɗinsa wajen fitar da kayan tarihi daga ƙasarsu, ko da wane dalili. Shi ma shirin da nake ganin ya fi dacewa da ku a kan wannan sharaɗi ya ginu. Shi ne shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka sani da EAP, da gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyinsa tun 2004. Aikinsa ɗaukar hoton takardu shafi-shafi a inda suke. Ainihin littattafan ba sa barin ƙasa, a ajiye kwafin hotunan a wata cibiya ta cikin gida, a aika wani Landan. Babban bambancinsa da asusun Amurka shi ne yana karɓar taskokin da ke hannun iyalai, ba sai an sallama wa gwamnati ba. Yana da ƙaramin tallafi na gwaji, wanda a shekarun baya-bayan nan yake kaiwa fam 15,000, don a leƙa a ƙidaya a gane abin da ke akwai, sannan babba mai kaiwa fam 60,000. Shi ma ba hannunki za a danƙa wa kuɗin ba, sai ta wata cibiya kamar jami'a ko gidan adana takardu da za ta riƙe lissafi. Akwai kuma HMML, wani laburare a jihar Minesota ta Amurka, da ya daɗe yana ɗaukar hoton littattafan hannu a ƙasashe da dama, littattafan kuma su ci gaba da zama wurin masu su.

Abu ɗaya ne ban yarda ki ɓoye wa Baffa ba, ko da zai jinkirta amincewarsa: hotunan da EAP ya ɗauka a intanet ake sa su, kowa a duniya ya karanta kyauta. Ga littafin nahawu ko waƙa, wannan alheri ne, sunan Malam zai kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Amma kin ambaci wasiƙu. A tsofaffin adakoki akan tarar da takardar bashi, da ta rabon gado, da maganar aure, da abubuwan da mai su bai rubuta don idon jama'a ba. Iyali na da ikon ware abin da za a ɗauka da wanda ba za a taɓa ba, kuma a fara wannan warewar tun kafin a sa hannu a kowace takarda. In Baffa ya gano daga baya cewa an rufe shi a wannan, ba ke kaɗai zai daina yarda da ke ba, har duk wanda zai zo bayanki da maganar gyara.

In kina son misalin da zai shiga kunnensa, ba shi labarin Timbuktu. Yawancin littattafan garin a hannun iyalai suke. Iyalan ba su sallama gadonsu ba, haɗuwa suka yi a ƙungiya guda, SAVAMA-DCI, ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Haidara, kowane gida na riƙe da nasa. Da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, ta wannan haɗin kai aka yi ta fitar da littattafai a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, dubban ɗaruruwa, yayin da wasu dubbai da suka rage a Cibiyar Ahmad Baba, taskar littattafai ta gwamnati a Timbuktu, suka salwanta a farkon 2013. Saboda akwai ƙungiyar da za a yi magana da ita, taimako ya samu ƙofar shiga, ciki har da na ma'aikatar harkokin wajen Jamus, wadda ke da nata shirin adana al'adu tun 1981, kuma shi ma ta ofisoshin jakadancinta ake nema. Abin lura, a Bamako ba wuta ce ta zama barazanar littattafan ba, danshi ne. Irin naku.

Idan wata rana iyali suka ga ya dace su mayar da taskar wakafi a ƙarƙashin amintattu masu rajista, ko su miƙa ta ga wata cibiya da yarjejeniya a rubuce, a nan ne za a sake waiwayar asusun Amurka, kuma cibiyar ce za ta tambayi sashen al'adu na ofishin ko sabon tsarin mallakar ya cika sharaɗinsu. Ban ba ki shawarar a yi wannan don kawai a cancanci tallafi ba. Sallama gado babban al'amari ne da ba a komawa baya a kansa, tallafi kuwa gasa ce, ana iya nema a rasa. Amma ki san yadda hanyar take, don kada a ruɗe ku. Mataki biyu ne. Da farko a aika taƙaitaccen bayanin aiki da kiyasin kuɗi da hotunan da ke nuna lalacewar. Wanda ya tsallake ne ake gayyata ya kawo cikakkiyar takarda, da jadawalin aiki, da takardun ƙwarewar waɗanda za su yi shi, da izinin hukumar da ke kula da kayan tarihi a ƙasarku, da kasafin kuɗi dalla-dalla. Cibiyar kuma sai ta yi rajista a shafin SAM.gov na gwamnatin Amurka ta samu lambar shaidar cibiya da ake kira UEI. Rajistar kyauta ce, amma tana cin makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Asusun ba ya gina sabon gini, ba ya biyan aikin da aka riga aka yi, ba ya kuma ba da kuɗin ɗaukar hoto zalla sai in yana cikin babban aikin adanawa. Ka'idoji da ƙasashen da suka cancanta na sauyawa, don haka sanarwar shekarar da za a nema ita ce abin bi, ba ta bara ba.

Ga wani ɗan sirri na rubutun. Tsarin mulkin Amurka bai ba gwamnati damar ɗaukar nauyin addini ba, saboda haka kayan da ke da alaƙa da addini ana duba su ne ta fuskar tarihi da fasaha da al'ada. Wanda ya cika takardarsa da falalar littattafan da ladan adana su bai faɗi ƙarya ba, amma bai amsa tambayar da aka yi masa ba. Abin da suke son ji shi ne littafi nawa ne, na wane zamani, wa ya rubuta, me suke faɗa game da tarihin yankin, me ke cin su, kuma wa zai kula da su bayan kuɗin ya ƙare. Kada kuma ki manta kuɗin diflomasiyya ne. Jakada zai so ya zo a ɗauki hoto, a ambaci sunan ƙasarsa. Ba aibi ba ne, amma gara Baffa ya san da haka tun yanzu, kada ranar ta zo masa ba zato.

Maganar 'yan uwa ba ta da wuyar warwarewa kamar yadda kike gani, sai dai ba a ɗaiɗaiku za ki bi su ba. Nemi babba guda da kowa ke jin nauyinsa, a tara su, ki nuna takardar da kika aika, ki ce ba a amsa ba, ki kuma faɗi dalili. Sannan ki bayyana musu cewa irin wannan kuɗi ba kyauta ba ce da ake rabawa. Asusun cibiya yake shiga, kowane kwabo da abin da aka rubuta za a yi da shi, kwali kaza, kyamara kaza, ladan ma'aikaci kaza, da rasit da rahoto, abin da ba a kashe bisa ka'ida ba kuma a nemi a mayar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na kusan tabbata da zarar an ji babu kaso, masu lissafin za su watse, waɗanda suka rage kuwa su ne abokan aikinki na gaske. In kin ga ɗaya ko biyu cikin samarin gidan masu haƙurin zama, riƙe su, don irin waɗannan ayyuka kan horar da 'yan gida ɗaukar hoto da jera bayanai.

Duk wannan dogon zance ba zai tare ruwan bana ba. Daga sanarwa zuwa fitar kuɗi akan doshi shekara, gara kuma ba ta jiran sanarwa. Abin da zai ceci littattafan a wannan damina a hannunku yake. A toshe yoyon, ko a mayar da kayan wani busasshen ɗaki a cikin gidan. A ɗaga adakoki daga ƙasa a ɗora kan katako ko kanta, a janye su daga jikin bango, don ta nan gara ke hawa. A ware waɗanda ƙwari ko fumfuna suka taɓa daga masu lafiya. Kada a shanya takarda a rana, a inuwa mai iska ake barin ta ta sha. Kada a ɗaure su cikin leda, tana riƙe danshi. Kada a fesa maganin ƙwari a jikin takarda, kada a lika salatif a inda ya yage, kada a kai su a manna musu leda da na'ura, wannan gyara ne da ke kashe littafi. Waɗanda suka manne, don Allah a bar su yadda suke. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayin ɓamɓarewa, amma rubutun ne zai biyo, wannan aikin ƙwararru ne. Kuma tunda yawancin irin waɗannan littattafai ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a jere cikin tadarishi ko gafaka, kada a bar kowa ya hautsina su. Ɗauri ɗaya a lokaci ɗaya, a buɗe, a duba, a mayar yadda aka same shi.

Sai jerin sunaye, wanda babu mai tallafin da zai saurare ku ba tare da shi ba. Littafin rubutu na makaranta da fensir sun isa: lamba, sunan littafi in an sani, yawan warƙoƙi, harshe, halin da yake ciki. A saka 'yar takarda mai lambar a cikin ɗaurin, ba a rubuta a jikin littafin ba. A nan ne nake son ki koma wa Baffa, domin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da shi. Shi ya san hannun mahaifinsa, shi zai ce wannan Malam ya kwafa, wancan daga malaminsa ya zo.

Ki je masa ba da maganar jakadanci ba. Tafi da goggo ko wani aboki nasa da yake jin kunya, ki durƙusa ki ce, "Baffa, na yi kuskure da na rubuta takarda a kan kayan da ke hannunka ban nemi izininka ba, ka yafe mini." Kada ki haɗa da "amma". Ki ce masa ba a karɓi takardar ba, babu wanda zai zo, mabuɗi kuma yana nan a hannunsa. Abin da kike roƙo biyu ne kawai: a gyara rufin kafin ruwa ya sauka, sannan ya ba ki sa'a ɗaya a mako ya zauna yana faɗa kina rubutawa. Wataƙila ranar farko ya ce zai yi tunani. Bar shi ya yi. Maganar EAP da jami'a ki ajiye ta sai kun ci adaka biyu ko uku tare, lokacin da shi da kansa ya ga yawan abin da gara ta ci, kuma in lokacin ya yi, ki nemi malamin jami'ar ya zo gida ya gaishe shi, ba ku ku je ofis ba. Ranar zaman farko, kada ke ki zaɓi inda za a fara. Tambaye shi wane littafi ne Malam ya fi yawan buɗewa, ku sa masa lamba 1.